Laifin da Aka Ɗora wa Hantsaki

Tun tana jaririya kakarta ta sa mata suna Taƙi, don an ce ta ƙi nono, ta ƙi goyo, barci ma sai ta ga dama. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta ɗakin miji, ya hau da ita har bene na biyu na gidan binciken kimiyya, inda ake ce mata Dakta a gaban ido, Taƙi a bayan ido.

Aikinta kuwa, in an faɗa maka sai ka ce almara ce. Akwai wata farar hoda, tokar ƙarfen zinki, irin wadda ake sawa a man da ake shafa wa jarirai in zafi ya fito musu. Wannan hoda ba ruwanta da maganaɗisu, ko wuni ka yi kana kaɗa mata mayen ƙarfe ba za ta ɗaga kai ta dube ka ba. Taƙi takan barbaɗa mata ɗan ƙarfen kobal, kamar mai sa gishiri a abincin marar lafiya, sannan ta shimfiɗa ta a kan ɗan gilashin da bai wuce farcen babban yatsa ba. Shimfiɗar ta fi ɓawon albasa siranta, ta fi maiƙon da ke yawo a kan ruwa. Sai ka karkata gilashin wajen taga kake ganin wani kore-kore da shuɗi-shuɗi yana wulgawa kamar wuyan tantabara. Daga nan ta sa shi a tandar da aka zuƙe wa iska ta gasa. In ya fito, abin da bai taɓa sanin maganaɗisu ba sai ga shi ya riƙe maganaɗisu. Ba wanda zai ɗaga allura ba, ɗan mitsitsi ne, na'urar awo ce kaɗai ke jin sa. Amma masu ƙera kwamfuta sun daɗe suna mafarkin irinsa.

Na'urar ba ta magana, layi take ja a fuskar allo. In abu ba shi da maganaɗisu, layin yakan tafi ya dawo ta kan sawunsa, a ga zare ɗaya. In yana da shi, sai ya dawo ta wata hanya, a bar fili a tsakiya kamar idon da aka buɗe. Idon nan Taƙi ta yi shekaru tana nema, kuma ta same shi.

A fahimtarta, in tanda ba iska, ƙwayoyin oksijin sukan fice daga shimfiɗar su bar gurabe, kamar bakin tsohon da haƙoransa suka zube. A cikin giɓin nan maganaɗisun yake zaune. Wato abin da babu shi ne ke riƙe da abin da akwai. Shi ya sa take ajiye gilasanta a kwalba mai murfin roba, a toshe, kada iska ta shiga ta cike giɓin.

Ranar da ta dawo daga hutun haihuwa, tun a barandar bene ta ja ta tsaya. An kawo sabon akwatin nuni an jingina da bango, an shimfiɗa jan ƙyalle mai laushi a ciki, an kunna ƙwan lantarki a sama. A tsakiyar ƙyallen ga gilashinta, wanda ya fi duka kyau, yana zaune tsirara ba kwalba. Ta ɗora bayan hannu a jikin akwatin. Zafi rau, kamar goshin mai zazzaɓi. A ƙasa har an huda 'yan ƙofofi don iska ta riƙa shiga.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Sun cike masa giɓi."

Farfesa, shugaban gidan, ya sa aka kira ta tun ba ta ajiye jaka ba. Dattijo ne mai son kyau da tsari, wanda ba ya iya ganin hoto a karkace bai tashi ya gyara ba. Ya tambayi jaririya, ya sa albarka, sannan ya cire tabarau.

"'Yata, akwai magana. Kafin mu shelanta wa duniya aikinki, na gayyato masanin awo daga wata cibiya ya tabbatar. An kai masa gilashin nan na baranda, ya wanke gefunansa da ruwan asid, ya auna. Zare ɗaya. Ba ido, ba alamar ido."

"Ranka ya daɗe, tun yaushe yake cikin akwatin?"

"Tun bayan tafiyarki. Baƙi suna zuwa, me za mu nuna musu, kwalba?" Ya kaɗa hannu. "Ba nan maganar take ba. Mai Awo ya ce abin sananne ne. Hantsakin ƙarfe da kuke kama gilashi da shi yakan bar ɗan ɓurɓushi a gefe, na'ura ta ji ƙarfen, ku ku ce kun ga maganaɗisu. Da ya wanke, ƙarfen ya tafi, maganaɗisu ya bi shi. An yi wa manya da yawa haka, ba a kanki farau ba."

"Abu biyu aka yi wa gilashin nan, Farfesa. An wanke shi, kuma an gasa shi a iska wata da watanni. Don me za a ɗauki ɗaya a bar ɗaya?"

Ya mayar da tabarau. Muryarsa ba ta tashi ba, amma ta bushe.

"Ɗan ƙwan lantarki ne gashi? Ki saurare ni. Gobe akwai taron ma'aikata. Ki miƙe ki ce kuskure ne, hantsaki ne. Ba wanda zai ce kin yi ƙarya, kuskure kowa na yi. A ba ki wani aikin, ki ci gaba da zamanki. In kuwa kin ƙi, to, mutane za su fara tambaya ko da gangan ne, ni kuma dole in karɓi mabuɗin ɗakin tanda."

Mabuɗin yana rataye a wuyanta da igiyar takalmi. Ta ji sanyinsa a ƙirji.

Da la'asar ta tarar da Inna, mahaifiyarta, a tsakar gida tana jijjiga jaririya, mijin Taƙi kuma yana durƙushe a bayan wani tsohon firji da aka kawo masa gyara, ɗan famfonsa na zuƙar iska yana ta ƙugi. Duk unguwar Mai Firji ake ce masa, har matarsa in tana son tsokana.

Ta karɓi yarinyar ta ba ta nono, ta kwashe labari ta faɗa musu.

"Yanzu duk wannan tashin hankalin a kan gilashin da bai kai madubin kwalliya ba?" in ji Inna. "Ke dai ki ce hantsaki ne. Hantsakin zai kai ki ƙara ne? Uwa gare shi ko uba?"

"Inna, ba hantsakin nake ji ba. In na ce shi ne, na ce ke nan duk abin da na gani shekarun nan ban gani ba."

"To sai me? Ni nan abubuwa nawa na gani a gidan ubanki na ce ban gani ba? Ga ni da raina."

Mai Firji ya leƙo da kai, baƙin mai a hancinsa. "Ni abin da ban gane ba, Dakta, ni ma kullum iska nake zuƙewa, ba wanda ya ba ni digiri. Ke kin zuƙe sau ɗaya an sa a akwati da jan ƙyalle."

"Ka ci gaba, wata rana za a sa firjinka."

"Allah ya kiyaye, su kunna masa fitila ya narke." Ya goge hannu da tsumma, ya matso ya zauna a kan bokitin da ya kife. Wasan ya bar fuskarsa. "Tsakaninki da Allah, kin taɓa kama shi da hantsakin ƙarfen?"

Yarinyar tana tsotso tana kama igiyar mabuɗin da 'yan yatsunta.

"Na taɓa. Kowa a ɗakin da shi yake kamawa. Shi muka tarar."

"Ashe dai yana iya zama shi ne."

"Yana iya."

"To?"

"To shi ya sa ba zan ce shi ne ba, kuma ba zan ce ba shi ba ne. Ban sani ba, su ma ba su sani ba. Gilashin ne ya sani, shi kuma ba wanda ya tambaye shi."

Inna ta tafa hannu ta dubi sama. "Kun ji ta. Uwata ba ta yi kuskuren suna ba. Za a tambayi gilashi! In ya ƙi magana fa, ki dawo ki zauna mana a gida kina wa mijinki riƙon sukundireba?"

"Ina so," in ji Mai Firji. "Amma ba na biyan masu digiri."

Washegari ɗakin taro ya cika. Aka jera kujeru, fanka tana juyi tana ƙara kamar mai ciwon wuya. Mai Awo yana gefen Farfesa, siririn mutum mai furfura a gira, yana wasa da murfin biro. Bai yi kama da mugu ba, ya yi kama da wanda ya gaji da kashe wa mutane farin ciki. Farfesa ya yi bayani mai daɗi a kan cewa kimiyya gyara ce a kan gyara, sannan ya ce Dakta tana da 'yar magana.

Taƙi ta miƙe. Ta dafa bayan kujera.

"An ce in ce hantsaki ne. Ba zan ce ba."

Kowa ya juya ya dubi Farfesa.

"Dakta," in ji Farfesa, "mun yi magana."

"Ka yi magana, ranka ya daɗe, ni na saurara." Ta juya wajen baƙon. "Malam, ka wanke gilashin nan da hannunka. Yanzu akwai sauran ƙarfe a jikinsa?"

"Ko ƙwaya," in ji Mai Awo. "Wankina ba ya barin baya."

"Madalla. To a ɗauko shi. Kai za ka kama shi da naka hantsakin roba, ni ko inuwata kada ta taɓa shi. Ka sa shi a tanda, mu zuƙe iska, mu gasa. In hantsaki ne, maganaɗisun ya tafi ke nan har abada, don ƙarfe ba ya tsirowa a tanda. In kuwa iskar akwatin baranda da zafin fitila ne suka cike masa giɓi, zai dawo."

Wani ya yi tari a baya. Ba wanda bai san wanda ya sayo akwatin ba, kuma ba wanda ya dubi wajensa.

"Tanda ba wurin wasan yara ba ce," in ji Farfesa. "An auna, an gama. Kawo mabuɗin."

Ta kama igiyar, amma ba ta cire ba. "Ga shi nan a wuyana. In layi ya fito zare ɗaya, ni da kaina zan ɗora maka shi a tebur, in miƙe a nan in ce hantsaki ne, in ƙara da cewa ni ce sakarya. Amma kafin nan, sai dai a kira masu gadi su cire shi, kuma ina shayarwa, su zo a hankali."

Dariya ta kuɓuce wa wata a layin gaba, ta yi maza ta rufe baki.

Mai Awo ya ajiye murfin biron. "Wane akwati ake magana?"

Ya bi fuskokinsu da kallo, sannan ya ci gaba.

"Ni an miƙo mini gilashi a cikin 'yar takarda. Ba wanda ya ce mini ya yi watanni a ƙarƙashin fitila." Ya dubi Taƙi ta ƙasan girarsa. "Kada ki ɗauka ina bayanki, Dakta. Na ga irin naki da yawa, duk hantsaki ne. Amma ba na son a ce na auna rabin magana. Sharaɗina ɗaya, a sa gilashi fanko kusa da shi, wanda ba a shimfiɗa masa komai ba. In shi ma ya fito da ido, tandarki ce mai datti."

"A sa masa ɗan rakiya," in ji ta. "Na yarda."

Farfesa ya tattara takardunsa, ya daidaita gefunansu a kan tebur har suka zama ɗaya. "Ku yi abin da kuka ga dama. Ke kika zaɓa."

Ɗakin tanda ƙarami ne, yana warin man inji da sabulu. Mai Awo ya buɗe ɗan gwangwaninsa ya fito da farin hantsakin roba, ya kama gilashin kamar mai ɗaukar fiffiken malam buɗe littafi, ya kwantar da shi kusa da fankon. Taƙi ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu a baya, tana faɗa masa abin da zai murɗa. Famfo ya kama ƙugi, allurar iska ta fara sauka, cikin tanda ya soma ja.

Daga nan sai jira. Gashi ba ya son gaggawa, hucewa kuma ta fi gashin nawa, don in aka buɗe da zafi iska za ta ruga ta cike giɓin tun ba a auna ba. Rana ta tashi daga wannan taga ta koma waccan. Mutane suna wucewa ta baranda suna leƙe kamar ba leƙe suke ba. Nono ya cika mata har ya jiƙa riga, ta ja mayafi ta rufe, ta ƙi tafiya.

Can da rana ta yi tsaka sai shakka ta zo ta zauna kusa da ita. Ta tuna hantsakin nan mai ɗan karce a baki, ta tuna sau nawa ta matse shi da ƙarfi don kada gilashi ya suɓuce. Wataƙila shekarun nan duk ɓurɓushin ƙarfe take bauta wa. Wataƙila giɓin da take gani in ta rufe ido, layi-layi kamar tagogin gidan da ba kowa, a kanta kaɗai yake. Ta ga kanta tana ɗora mabuɗi a teburin Farfesa, ta ga Inna ta kawar da kai don kada ta ce na faɗa miki.

"Har yanzu kina iya cewa a bari," in ji Mai Awo, yana cin biskit daga aljihu. "Kuskure ya fi sauƙin ɗauka kafin a auna sau biyu."

"Malam, ci biskit ɗinka."

Ya yi murmushi, ya miƙa mata ɗaya. Ta karɓa.

Sai da rana ta karkata tanda ta huce. Kafin a kai ga ɗakin awo mutane sun cika ƙofa, har da Farfesa, yana tsaye daga baya hannu a aljihu. Mai Awo ya fara da ɗan rakiya. Layi ya tafi, ya dawo kan sawunsa. Zare ɗaya.

"Tanda ta fita daga zargi," in ji shi. Ya ɗauko ɗayan.

Layin ya tashi daga hagu yana hawa a hankali kamar tururuwa a bango. Ya kai ƙarshe, ya tsaya, ya juyo. Da farko kan sawunsa yake bi. Sai da ya kusa tsakiya ya ɗan goce, ya ƙara gocewa, ya bar fili, sannan ya koma ya haɗu da ɗan'uwansa a ƙasa. Ido ne. Bai kai na da buɗewa ba, ido ne irin na wanda aka tasa daga barci, amma a buɗe yake.

Mai Awo ya cire gilashin, ya juya shi, ya sake aunawa. Idon ya sake fitowa.

"Ba hantsaki ba ne," ya ce, da ƙarfin da na bakin ƙofa za su ji. Sannan ya juyo da kujerarsa. "Amma kada ki yi guɗa tukuna. Ni ban yarda da giɓinki ba. Yana yiwuwa kobal ɗin ne yake dunƙulewa wuri ɗaya in ba iska, ya zama 'yan ƙwayoyin ƙarfe. In haka ne, ba abin da masu kwamfuta ke nema ba ne, kuma zan rubuta in faɗa."

"Rubuta, Malam. Wannan faɗa ne na gaske, ina son sa. Ka kawo hujjarka in kawo tawa, in ka kayar da ni in faɗi. Abin da na ƙi shi ne a ce in faɗi ba a taɓa ni ba."

Farfesa ya ratso mutane ya matso. Ya daɗe yana kallon allon. Abin mamaki, fuskarsa ta fara washewa, kamar ba shi ne mutumin safiya ba.

"To, alhamdu lillahi. Ai dama abin da muke so ke nan, a tabbatar. Gidanmu ya fita kunya." Ya miƙa hannu wajen gilashin. "Baƙi na nan zuwa mako mai zuwa. A mayar da shi wurinsa, sai dai a rage hasken fitilar."

Taƙi ta riga shi. Ta karɓi hantsakin roba daga hannun Mai Awo, ta ɗauki gilashin ta sa a kwalbarsa, ta murɗa murfin har ya yi ƙara, ta rungume ta a ƙirji kusa da mabuɗin.

"Wannan ba zai ƙara kwana a waje ba, ranka ya daɗe. Amma ba za a bar akwatinka fanko ba."

Ta shiga ɗakin tanda, ta jawo aljihun tebur, ta fito da tsohon hantsakin ƙarfen nan mai karce a baki. Ta bi baranda mutane na biye da ita, ta buɗe akwatin nuni, ta kwantar da shi a tsakiyar jan ƙyallen, ta daidaita shi ya miƙe sosai yadda Farfesa yake son abu.

"Shi zafi ba ya yi masa komai," ta ce. "Kuma ya sha zargi, ya kamata a ɗan girmama shi."

Ta rufe akwatin, ta gyara mayafi a kan rigar da ta jiƙe, ta sauka bene da sauri, don yarinya ta daɗe tana jira.